Tambaya da Amsa: Ɗigo-ɗigon da ke ɓata mini hoto

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon shiga ne a harkar ɗaukar hoto, kuma na lura da wasu ɗigo-ɗigo masu duhu da ke fitowa a wuri guda duk lokacin da na ɗauki sararin sama. Na goge lens, wato gilashin bakin kyamara, har sau uku, amma suna nan daram. Ko kyamarar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin alamun da ka bayyana na ƙura ne da ta zauna a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Don ka tabbatar, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango, sannan ka faɗaɗa hoton a kwamfuta. Ka tuna cewa lens yana kifar da hoto, saboda haka ɗigon da ka gani a sama, a ƙasan sensa yake.

Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar kai hannu. Yawancin kyamarorin yanzu suna da tsarin girgiza gilashin da ke gaban sensa don kakkaɓe ƙura, dabarar da kamfanin Olympus ya fito da ita a kyamararsa ta E-1 a 2003, kuma da wannan tsarin ya kamata ka fara. Idan bai wadatar ba, ka cika batir taf, saboda idan caji ya ƙare ana tsaka da aiki madubi ko labulen da ke gaban sensa na iya rufowa a kan abin da ke hannunka. Sai ka cire lens, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka matsa famfon iska na roba sau kaɗan ba tare da bakinsa ya taɓa komai ba. Kada ka hura da baki, domin yawu yana barin tabo, haka nan iskar gwangwani tana iya fesa ruwa a ciki.

Sai ƙurar da ta manne ce ke buƙatar gogewa, kuma a nan nake roƙon ka yi hattara ƙwarai. Ana amfani da tsinken goge sensa wanda faɗinsa ya dace da naka, domin babban sensa milimita 36 ne da 24, ƙaramin sensa da ake kira APS-C kuwa bai kai haka ba. Ka ɗiga ruwan gogewa na musamman ɗigo ɗaya ko biyu, ka ja tsinken a hankali daga gefe zuwa gefe, ka juya shi ka dawo sau ɗaya, sannan ka yar da shi. Idan hannunka na rawa, gara ka kai wa ƙwararren mai gyara.

Nan gaba, ka riƙa kashe kyamara kafin canza lens, bakinta na kallon ƙasa, kuma ka goge bayan lens ɗin kafin ka ɗaura shi.