Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Masu Duba Mota da Waya

Tambaya: Likita, ina da 'yar na'urar ELM327 mai karanta bayanan kwamfutar mota, da nake sokawa a ƙarƙashin sitiyari in haɗa ta da wayata ta hannu. Wutar wurin tana jan mutum?

Amsa: A'a, bolt 12 ce kawai. Amma in motar irin Prius ce, mai aiki da fetur da kuma lantarki, wayoyinta masu ruwan lemo suna ɗauke da sama da bolt 200, kada hannunka ya je wurin.

Tambaya: Na tura umarni daga manhaja don gwada fankar lagireto, ta tashi ta yanki yarona a yatsa. Mun zuba masa man birki, ya isa?

Amsa: Haba Malam! Man birki guba ne, ƙona naman yake yi, ya hana ciwo haɗewa da wuri. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti yau, a duba jijiyar yatsan, a yi masa allurar tetanus. Gaba kuma, kafin ka danna komai, kowa ya janye hannunsa daga inji.

Tambaya: Da hunturu nakan rufe ƙofar shago, in bar inji a kunne ina karanta bayanan kwamfutar mota. Sai kaina ya yi ta sarawa, da jiri da tashin zuciya. Abokan aiki sun ce in sha madara.

Amsa: Ɗan'uwa, wasiƙarka ta tayar min da hankali. Wannan alamar gubar kabon monoksaid ce da ke fita daga salansa, irin wadda ke kashe iyali gaba ɗaya idan an kwana da janareta a ɗaka. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da 'yan kai, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iska. Kai kuma idonka na kan waya kana jiran lambobi su sauya, barci ya fara fizgarka, ka ɗauka gajiya ce. Da yawa daga nan ba sa farkawa.

Madara ciki take zuwa, gubar kuwa tana cikin jini, ina suka haɗu? Haka manja. Zaman shansu ɓata lokaci ne, wanda ya galabaita kuma zai iya shaƙewa in an ɗura masa. Maganin shi ne oksijin: a iskar waje sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita, da oksijin na asibiti kuwa wajen awa ɗaya da rabi. 'Yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa a asibiti ma tana iya nuna lafiya lau alhali jinin cike yake da guba, don haka ka faɗa wa likita da bakinka cewa hayaƙin mota ka shaƙa.

Ka fitar da motar fili kafin ka tayar da ita. In ciwon kan ya dawo, ko ƙirji ya riƙe, ko wani yaron shagon ya rikice, a kashe inji, a fita waje, a nufi asibiti nan take. Kada ka tuƙa da kanka. Tunda abin ya maimaitu, ka je a duba ka cikin makon nan ko da ka ji sauƙi.