Wa ke riƙe da intanet? Amsa ga ɗalibin da rezo ya dama

Tambayar wannan makon ta fito daga wani ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo: "Malam, barka da aiki. Malaminmu ya ambaci wata ƙungiya mai suna Internet Society, ya ce ita ke kula da intanet ta duniya. In haka ne, me ya hana ta gyara mana rezo? Ni sai tsakar dare nake iya sauke takardun bincike. Mene ne amfaninta?"

Ƙanena, sannu da haƙuri. Na san wannan zaman: mutum a tsakar gida, waya jingine da buta, ana kallon takarda ɗaya tana sauka kamar ɗigon rariya. Sai dai ƙungiyar nan ba ta da eriya ko ɗaya a Maraɗi, ba ta sayar da mega. Wannan aikin su Airtel ne da Moov da Zamani da Niger Telecom. Nata aikin daban ne, kuma ina ganin ya fi ƙarfin a raina shi.

A 1992 aka kafa ta. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Vint Cerf da Bob Kahn, mutanen da suka tsara TCP/IP, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su yi magana da juna. A lokacin intanet ta jami'o'i ce da cibiyoyin bincike, yawancin kuɗinta daga gwamnatin Amurka. Masu aikin suka hango cewa abin zai fi ƙarfin ƙasa ɗaya, kuma 'yan kasuwa na tafe. Suka ce to, a samu inuwa ɗaya da za ta riƙe wannan hanya a buɗe don ilimi da bincike.

Babban abin da ta ɗauka shi ne tsaya wa IETF, taron injiniyoyi da ya soma tun 1986, inda ake rubuta ƙa'idojin intanet. Ka dubi tiya a kasuwar hatsi. In kowane mai gero zai zo da tasa tiyar, ciniki ba zai yiwu ba, sai rigima. Haka kwamfutoci suke. Wayarka ƙirar Sin ce, kwamfutar da ke ajiye da takardar da kake nema tana Faransa, kamfanonin da ke tsakaninku ba su san ka ba, amma saƙo ya je ya dawo, don duk tiya ɗaya suke awo da ita. Waɗannan ƙa'idoji ana kiran su RFC, kuma kyauta suke, kai ma yau kana iya buɗe su ka karanta ba tare da ka biya dala ba. Wannan ne abin da ya fi burge ni. Da kamfani ɗaya ne ya mallake su, da sai ɗalibin Maraɗi ya nemi izini kafin ya leƙa ɗakin karatun wata jami'a.

Ta kuma yi aikin horo. A shekarun 1990 ta riƙa tara ma'aikatan fasaha daga ƙasashe masu tasowa tana koya musu haɗa hanyoyin sadarwa, da yawa daga cikinsu 'yan Afirka da suka koma gida suka jona ƙasashensu. Daga baya ta sa hannu wajen kafa mahaɗun intanet na cikin gida. Ga dalili: Nijar ba ta da teku, igiyoyin ƙarƙashin ruwa a gaɓar su Kwatano da Legas suke sauka. In babu wurin da kamfanoni ke haɗuwa kusa, saƙon da ka tura wa abokinka a Katsina kan iya zagayawa ta Turai kafin ya isa. Zagayen nan kuɗi ne, jinkiri ne kuma.

Amma ciwon da ke damunka, maganinsa ya fi kusa da wata hanyar. Jami'o'i kan haɗa kai su yi tasu hanyar sadarwa ta bincike, su sayi intanet a sari maimakon kowa ya saya ɗai-ɗai. A yankinmu akwai WACREN mai hedikwata a Akara, wadda ke haɗa irin waɗannan hanyoyi na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da GÉANT ta Turai. Ta irin wannan haɗin ake samun eduroam, inda ɗalibi ke shiga wifi na wata jami'a da sunan da tasa ta ba shi. Ku je ku tambayi masu kula da kwamfutocin jami'arku inda aka kwana kan wannan, ku je da yawa, ta bakin ƙungiyar ɗalibai. Ita kuwa Internet Society, zama mambanta kyauta ne ta shafinta, kuma tana da darussa kan gina hanyoyin sadarwa. Ka shiga.

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya ta rubuto: "Malam, an turo mini a WhatsApp cewa ƙungiyar intanet ta duniya na raba mega kyauta, in na tura wa mutum goma. Gaskiya ne?"

Hajiya, ƙarya ce. Ba wata ƙungiya irin wannan da ke raba mega ta WhatsApp. Kada ki taɓa adireshin, kada ki tura wa kowa. In har kin riga kin ba masu wannan damfara lambobi shida na WhatsApp da suka shigo miki ta saƙo, ki sake buɗe WhatsApp da lambar wayarki yanzu, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ki gaya wa 'yan uwa kada su tura kuɗi ga duk wanda ya roƙa da sunanki.