Amsa ga 'yar'uwar da muƙamuƙinta ke ciwo yana karkacewa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce wata uku ke nan kina tashi da asuba da ciwo a gaban kunnen dama, kumatu sun yi tsami, in kin buɗe baki sai ki ji ƙas, haɓa ta zame gefe sannan ta dawo. Maigida yana jin kina gurza haƙora cikin barci, kuma abin ya tsananta tun da ɗinki ya yi miki yawa a shagonki na Garwa ta Kamaru, ga hidimar gida. Wasu sun ce iska ce ta buge ki, wasu sun ce ki je a cire haƙorin can ƙurya. Don Allah kada ki yarda a cire miki haƙori ko a goge shi da inji tukuna. Yadda kika kwatanta, ya fi kama da gajiyar tsokar tauna da wahalar gaɓar muƙamuƙi, kuma yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da an taɓa haƙori ko ɗaya ba.

Kafin komai ki tsaya gaban madubi, bakinki a rufe. Ki yi murmushi, ki ɗaga gira, ki runtse ido da ƙarfi. Idan ɓari ɗaya na fuska ya ƙi motsi, ido ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen baki, wannan jijiyar fuska ce, ki tafi asibiti yau. Idan har da nauyin hannu ko sarƙewar magana, a ɗauke ki nan take, don ana tsoron shanyewar ɓarin jiki. In kuwa fuska daidai take, sai kin buɗe baki haɓar ke kaucewa, to maganarmu ce.

Ki ɗora yatsa a gaban kunne ki buɗe baki, za ki ji wani ƙashi ya zamo gaba. Nan ce gaɓar, kuma tsakanin kan ƙashin da ƙoƙon kai akwai ɗan faifan guringuntsi da ke tafiya tare da shi. Idan faifan ya ɗan gusa gaba, kan ƙashin sai ya haye shi a duk buɗewa, hayewar nan ce ƙas ɗin da kike ji. Gefen da ya makara shi haɓa ke bi, in ya haye sai ta koma tsakiya. Tsokar kuma biyu ce babba a kowane gefe, ta kunci da ta gefen kai sama da kunne. Ki cije haƙora ki taɓa, za ki ji sun kumbura. Kamar shanun huɗa ne, in ɗaya ya fi ja, garma gefe za ta yi. Shi ya sa da safe za ki ji haƙoranki ba su hau juna daidai ba, zuwa hantsi su koma. Ƙashi bai goce ba, tsoka ce ta ɗaure.

A ƙa'ida haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa sai lokacin tauna da haɗiya, wanda in an tara na yini guda bai kai rabin awa ba. Sauran lokaci akwai tazarar milimita 2 zuwa 3 a tsakaninsu, ko da leɓe a rufe yake. Mai damuwa kuwa yakan wuni da haƙora a cije bai sani ba, a kan keken ɗinki, a kan moto, wato babur, ko yana lissafin kuɗin makarantar yara. Kowa yana maganar gurzar dare saboda ita ake ji, amma cizon rana shi ne a hannunki, kuma a ganina da shi ya kamata a fara. Ki duba alamunsa: farin layi a cikin kunci daidai inda haƙora ke haɗuwa, shatar haƙora a gefen harshe, bakin haƙoran gaba ya zaizaye ya zama sumul, da tsamin haƙori in kin sha ruwan sanyi.

Ga yadda ake kwance shi. Ki ɗora kan harshe a ganɗa, bayan haƙoran sama kaɗan, inda yake zuwa in za ki ce “na”. Leɓe a rufe, haƙora a rabe, numfashi ta hanci. Ki ɗaura jan zare a jikin keken, duk sanda idonki ya faɗa kansa ki tambayi kanki ko haƙora na haɗe, in suna haɗe ki sake, ki sauke kafaɗu. Bayan kowace salla ma ki duba. Kwanakin farko za ki yi mamakin yawan kama kanki da za ki yi, wannan alamar aikin na tafiya ne. Sannan ki daina datse zare da haƙori, ki daina riƙe allura a leɓe, kuma kada ki maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kina ɗinki. Wuyan da ya wuni a sunkuye shi ma yana ja wa muƙamuƙi, don haka duk rabin awa ki ɗago ki miƙe.

Na mako biyu ki hutar da tauna. A ajiye kilishi, tsire, ƙashi, rake, aya, busasshen dabino, goro da cingam. Ki ci tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, kunun gyaɗa, fura da nono, kifi, ƙwai, wake da ya dahu luguf. Loma ƙanana, kuma a tauna ta gefe biyu. Kada dai ki zarce wata da watanni a kan kunu kaɗai, tsokar da ba ta aiki ita ma tana ƙagewa. In hamma ta zo, ki tokare haɓa da dunƙulen hannu don kada bakin ya wage gaba ɗaya. Asuwaki kuma a goge a ajiye, kada a wuni ana taunarsa.

Gashi yana aiki sosai. Ki tsoma tawul a ruwan ɗumi wanda bayan hannu zai jure, ki matse, ki ɗora a kunci da gefen kai minti 15 zuwa 20, safe da dare. Da kin cire, ki sa yatsu biyu a tsokar kunci ki murza a hankali daga sama zuwa ƙasa kamar minti biyu. In kin sami wani ƙulli mai zafi ki danna shi daidai jurewa na daƙiƙa 30. Kada a danna kan gaɓar kanta. Daga nan ki koma madubi, harshe a ganɗa, ki buɗe baki iya inda harshen bai rabu da ganɗa ba, kina kallon tsakiyar haƙoran sama da na ƙasa su sauka a layi ɗaya. Sau 6 a zama ɗaya, zama 6 a yini. Inda mutane ke ɓata abin shi ne su riƙa wage baki suna neman ƙas ɗin don su ji ko yana nan, ko su sa wani ya ja haɓar da ƙarfi wai zai mayar da ita. Wannan ƙara miƙe jijiyoyin da ke riƙe da faifan yake yi. Ƙara kaɗai ba tare da ciwo ba ba ta bukatar magani, mutane da yawa suna da ita har tsufa.

In zafin ya hana ki sukuni, parasitamol miligiram 1000 sau uku a yini ya isa. Ibuprofen miligiram 400 sau uku bayan abinci, na kwana 5 zuwa 7, ya fi kama kumburin gaɓa, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai juna biyu, kuma a zafin Maris da Afrilu na Garwa sai da ruwa mai yawa. Tramol da ƙwayoyin barci na masu talla ki nisance su, suna iya barin mutum da wata jarabar.

Gurzar dare tana zuwa ne a ɗan farkawar da ƙwaƙwalwa ke yi cikin barci, don haka duk abin da ke sa barci ya zama sama-sama yana ƙara ta. Shayi mai kauri, kofi da goro a tsayar da su daga la'asar, domin sinadarinsu yana kai awa biyar rabinsa bai bar jiki ba. Taba ma haka. Ki kashe waya kafin ki kwanta, ki guji kwanciya rubda ciki ko tallafe kunci da hannu. Ki tambayi maigida ko kina minshari har numfashi ya ɗauke, in haka ne likita ya sani. Wasu magungunan damuwa irin su fluoxetine suna jawo gurza, mai shan su ya gaya wa wanda ya rubuta, kada ya yanke da kansa. Ita kuwa damuwar, gashi ba ya kai mata. In kayan da kika karɓa sun fi ƙarfinki, ki rage karɓa ko ki raba da wata, ki kuma zauna da maigida a kan hidimar gidan. Na san faɗi ya fi yi sauƙi, amma muƙamuƙin ba zai saki ba muddin kina kwana da lissafi.

Likitan haƙori zai iya yi miki abin da ake kira gutiyer, wata roba ce da ake sawa da dare. Mai kyau ita ce wadda aka auna bakinki aka yi, mai tauri, wadda ta rufe haƙoran sama ko na ƙasa duka, kuma a koma a daidaita ta bayan mako ɗaya ko biyu. Tana kare haƙora daga zaizayewa, tana rage wa gaɓa nauyi, amma ba ta kashe ɗabi'ar. Mai laushin nan da ake tsomawa a ruwan zafi takan sa wasu su ƙara tauna, wadda kuma ta rufe haƙoran gaba kaɗai, in an daɗe da ita tana iya sauya zaman haƙora. A wanke ta da ruwan sanyi da sabulu, ruwan zafi yana lanƙwasa ta. In kina da giɓin turame ko ruɓaɓɓen haƙori da ya sa kike tauna gefe ɗaya, shi ma a gyara. Cire haƙorin ƙurya sai in an duba an ga shi ne ke ciwo.

Ki gwada buɗewar bakinki da yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, wato kusan milimita 40. In wata rana ƙas ɗin ya ɓace, bakin kuma ya tsaya a yatsu biyu yana karkata gefen ciwon, faifan ne ya tare hanya, ki je cikin 'yan kwanaki tun bai ƙage ba. In baki ya buɗe ya ƙi rufuwa, gocewa ce, asibiti za a mayar. Kumburin fuska da zazzaɓi ko wahalar haɗiya ƙurjin haƙori ne mai haɗari. Muƙamuƙin da ya sandare kwanaki bayan taka ƙusa, ko wani rauni, ko haihuwa a gida, a yi tunanin tetanos, ciwon sarƙe haƙora, a ruga asibiti. Haka wanda cizonsa ya sauya bayan faɗuwa daga moto, da dattijon da ciwon ke taso masa tare da nauyin ƙirji in ya yi tafiya.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki riƙe tsarin nan mako 4 zuwa 6. Sauƙin yakan fara ne da raguwar tsamin safe, ƙarar ce ke jinkiri. In babu canji, ki nemi sashen haƙori da baki, wanda suke kira sitomatoloji, a asibitin yanki na Garwa. Ki gaya musu lokacin da ya fi zafi, gefen da haɓa ke bi, yatsu nawa ke shiga, da duk maganin da kike sha. In sun ga dama za su tura ki hoton panoramik don a ga haƙora da gaɓoɓin biyu gaba ɗaya. Allah ya ba ki lafiya.