Gidan abincin 'yan Caina na unguwa a Jidda: amsa ga ƙaninmu mai tambaya

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na ga tambayarka cewa an buɗe gidan abincin 'yan Caina a bayan layinku, maiɗakinka ta matsa sai kun je da yara, kai kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya: shin halal ne, me za ku saya, kuma mutum zai ƙoshi ko kuɗinsa kawai zai zubar. Na kuma ga wasu sun ce maka ka nufi wajen mai mandi, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, ka huta da fitina. Ni dai na daɗe a Jidda, aikin tuƙi ya sa na ci abinci a lunguna da dama, daga Sharafiyya har Bawadi. Shawarata ita ce ku je, amma ku je da sanin yadda ake sayen abincin, don yawancin mutanenmu da suka ce ba daɗi, a wajen oda suka ɓata lamarin.

Batun halal shi ya fi damunka, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A ƙasar nan babu gidan abincin da aka yarda ya ajiye naman alade ko giya, na ɗan Caina ne ko na Bature. Gaskiya ne a can ƙasarsu alade ne naman da suka fi ci, kuma suna da wata giyar shinkafa da suke ɗigawa a girki. Masu dafawa a nan dole suka haƙura da ita, sai su sa ruwan khal, wato binega, ko romon kaza a madadinta. Kazar da za a soya muku ita ce dai wadda mai burost, wato mai sayar da soyayyar kaza, yake saya, ko ta gonakin cikin gida irin su Wataniyya da Faƙih, ko daskararriyar da ake kawowa daga Burazil da takardar yankan Musulunci. Jan naman kuwa, a ƙananan wurare sau da yawa na ɓaunar Indiya ne, wanda kake gani a firizar manyan kantuna.

Akwai abin da ke firgita mutanenmu, gara in gaya maka tun yanzu. Naman yakan zo da laushi da santsi, ba ya jan haƙori irin na tsire ko na miyar gida, sai ka ji mutum ya ajiye cokali yana tambayar wace dabba ce wannan. Dabarar girki ce. Suna yanka naman siriri-siriri, su cuɗa shi da garin sitacin masara da farin ƙwai, wasu su ƙara ɗan bekin soda, a bar shi ya jiƙa, sannan a watsa shi cikin mai ko ruwan zafi na ɗan lokaci kafin a soya. Sitacin ne yake rufe naman ya hana ruwan jikinsa fita. Labaran kare da kwaɗo da ake turowa a WhatsApp ba su da alaƙa da gidan abincin da baladiyyar Jidda, wato hukumar birnin, ta ba lasisi.

Baƙin ruwan nan mai gishiri da suke kira soya, daga waken suya da alkama da gishiri ake tsima shi na tsawon watanni. A wajen tsimuwar yakan samu ɗan ɓurɓushin sinadarin da ke cikin giya, wanda ba ya bugarwa. Abin da ake sayarwa a nan sai ya bi ta hannun hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, kuma irinsa ne ke kan kantar manyan kantuna irin su Panda da Danube. Idan duk da haka kana da waswasi, malaminka za ka tambaya, fatawa ba aikin direba ba ce. Kayan ruwa kuma, jatan lande da ƙaguwa da sauransu, mu 'yan Malikiyya ba mu da matsala da su. In ka ga abokin aikinka ɗan Pakistan yana ture ƙaguwa gefe, mazhabar Hanafiyya yake bi, kada hakan ya ruɗe ka.

Abin da ni nake sa wa ido shi ne tsafta da mai. Kafin ku zauna, duba bango ka ga lasisin baladiyya. Leƙa ta tagar kicin idan akwai. Shaƙi iskar wurin: in ƙaurin tsohon mai ya tare ka tun daga ƙofa, ku juya, domin rabin abincinsu suya ne, kuma man da aka sake maimaitawa shi ke sa mutum ya kwana da ƙwannafi. Wurin da ka ga 'yan Filifin da iyalan Larabawa suna shige da fice, kayan miyarsa ba sa kwana. In kun ga ƙazantar da ta wuce misali, lambar ƙorafin baladiyya 940 ce.

Sai maganar wane ne a bakin murhu. Yawancin waɗannan na cikin unguwa, jan fitila da hoton dodon nan mai kama da maciji ne kawai na Caina. Mai dafawa ɗan Indiya ne, ko ɗan Nepal, ko ɗan Filifin. Ba aibi ba ne, hasali ma girkinsu ya fi kusa da harshenmu. 'Yan Caina da suka zauna a Kalkata ta Indiya tun da daɗewa su suka fara gauraya girkinsu da yaji da tafarnuwa irin na Indiyawa, daga nan salon ya bazu har ya iso ƙasashen Larabawa tare da ma'aikata. Kazar da za ka gani a minyu da sunan manshuriyan, a Indiya aka ƙirƙire ta, ɗan Beijin bai ma san ta ba. Sannan akwai na asali, waɗanda suka ƙaru bayan kamfanonin ƙasar Sin sun cika ƙasar nan da kwangila. Sai a 1990 ƙasashen biyu suka ƙulla hulɗar jakadanci, amma zuwa 2010 jirgin ƙasan da ke kai alhazai Mina da Arfa da Muzdalifa ya fara aiki, kuma wani kamfanin Caina ne ya gina layinsa. Ma'aikatansu na bukatar abincin gida, shi ya sa za ka tarar da wuraren da minyu ɗinsu da rubutun Caina yake, Larabcin ƙanana a ƙasa. Wasu masu irin waɗannan wurare Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui, waɗanda sun haura miliyan 10 a ƙasarsu. Taliyarsu ta birnin Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gabanka a tsoma cikin romon naman sa, ita ce abincin 'yan Caina da na fi so. Amma ban ba ka shawarar fara kai iyali can ba. Ɗanɗanon baƙo ne sosai, yara za su iya ƙi.

Yanzu ga inda na ce ana ɓata lamari. Mutanenmu sukan zauna kowa ya ɗauki minyu ya zaɓi faranti ɗaya nasa, yadda ake yi a wajen mai shawarma. Sai a kawo wa maigida kaza mai zaƙi zalla babu shinkafa, uwargida ta sami tulin taliya, yaro ya sami miya kwano guda. Kowa ya ci rabi ya gundure shi, a tashi ana tsaki. Abincin nan ba don mutum ɗaya aka tsara shi ba. Ka ɗauke shi kamar tuwo da miya a tire ɗaya: shinkafa da taliya su ne tuwon, farantan kaza da nama da ganye su ne miyar, a jere su a tsakiya kowa ya ɗiba kaɗan daga nan kaɗan daga can. Shi ya sa wasu wuraren suke da tebur mai faifan gilashi da ke juyawa.

Tunda ka ce ku biyu ne da yara uku, ga yadda ni zan yi. A fara da miyar masara da kaza, wadda suke rubutawa shurbat zura. Ba yaji, tana da kauri, ban taɓa ganin yaron da ya ƙi ta ba. A haɗa da sifirin rol faranti ɗaya, wato naɗaɗɗen sambusan nan mai kabeji da karas. Sannan soyayyar shinkafa babba guda, taliya da kayan lambu guda, da farantan miya biyu masu ɗanɗano daban. Ɗaya mai yaji dominku, kamar naman sa na sishwan ko kaza da busasshen barkono. Ɗaya marar yaji domin yara, kamar kaza da kashu. Kada ka yarda duka biyun su zama masu zaƙi. Wanda suke kira hamid hilu, mai jan miya da abarba, sukari da khal ne a ciki, kuma mu ba mu saba da sukari a nama ba. Yara na son sa, manya kuwa loma uku sun gaji. Idan kuna son gwadawa, ku ce a kawo miyar a gefe.

Ka tambayi ma'aikacin girman faranti kafin ka ƙara wani abu, ko ka saci kallon teburin maƙwabta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gara ku fara da kaɗan, don girkin ba ya ɗaukar lokaci, kaskonsu mai zurfi ne kuma wutar kamar ta maƙera, cikin 'yan mintoci an sauke. Saboda wannan ne ma abincin ya fi daɗi a ci a wurin. Na san yanzu kowa manhajojin kawo abinci gida irin su HungerStation da Jahez da Keeta yake dannawa, amma kafin mai kawowa ya iso, tururi ya jiƙa suyar, taliyar ta dunƙule. In ma'aikaci ya ce maka mahalli ko safari, wato a nan za ku ci ko tafiya da shi za ku yi, ka ce mahalli. Abin da ya rage sai a ƙunshe muku.

Game da yaji, abin da suke kira harr a wajen Bahaushe wasa ne. Ka ce harr ziyada, ko ka nemi man barkonon da suke ajiyewa a ɗan kwano. Wata Hajiya da nake kai wa aike daga Karantina, da yajinta na ƙuli take zuwa a jaka, ta barbaɗa a kan shinkafar, ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Sai dai a wuraren asali akwai wani ɗan ƙwayar yaji na lardin Sicuwan da ba zafi yake yi ba, dasashe harshe yake yi, ka ji leɓɓanka suna zir-zir. Ba guba ba ce, yana wucewa.

Za ka ji ana cewa suna zuba farin magi. Suna zubawa, ƙwarai. Amma wanda ke jefa dunƙulen magi huɗu a tukunyar miya kullum ba shi da bakin magana, sinadarin ɗaya ne. Abin lura na gaske gishiri ne. Soya gishiri ce, miyar kawa da suke sa wa nama ita ma gishiri ce, shi ya sa ake kwana shan ruwa. Idan akwai mai hawan jini a cikinku, a ce a rage soya, kuma a karɓi farar shinkafa maimakon soyayya. Mai ciwon suga ya nisanci jar miyar nan. Tun 2019 doka ta tilasta wa gidajen abinci rubuta adadin kuzarin kowane abinci a minyu, kuma sukan nuna abubuwan da jikin wasu ba ya karɓa. Ka duba da kyau idan wani yaronka gyaɗa ko riɗi ko jatan lande na tayar masa da borin jini, domin kazar kun baw da gyaɗa ake yin ta, man riɗi kuma kusan ko'ina suna ɗigawa. Ka faɗa wa ma'aikacin da baki, kada ka dogara da rubutu kawai.

Tsinkayen cin abincinsu ba dole ba ne, cokali na nan. Yara za su so wasa da su, ka bar su, amma ka hana su soke su a tsaye cikin shinkafa idan masu wurin 'yan Caina ne, don a al'adarsu turaren da ake kunna wa mamaci yake tuna musu. Shayinsu kore ne ba sukari, wani lokaci da ƙamshin furen yasmin. Bayan maiƙo yana da amfani, ko da yake na san mai shayin Hausa ba zai kira shi shayi ba.

Wajen zama kuma, tun ƙarshen 2019 aka daina tilasta ƙofar iyali daban ta gwagware daban, amma wurare da yawa har yanzu suna da ɓangaren a'ilat, wato na iyali, wasu da labule ko allon kariya. Idan maiɗakinka na sa niƙabi, ka buga waya ko ka leƙa ka tambaya kafin ku ɗebo yara. Daren Alhamis da na Juma'a cika suke yi. Ku je tsakiyar mako bayan Isha, ko da rana bayan Azahar, lokacin da wasunsu ke yin haɗin abincin rana mai rahusa, miya da shinkafa da kaza a farashi ɗaya. Wasu kuma har yanzu sukan dakatar da karɓar oda in an kira salla.

Kuɗi: ya fi shinkafar bukhari da rabin kaza tsada, wannan babu ja, amma na unguwa bai kama ƙafar na manyan kantuna da titin Tahliya ba, irin su P.F. Chang's, wanda shi ma kamfanin Amurka ne. In kun yi ciyayya yadda na ce, faranti biyar ko shida sun ishe ku har da guzurin gida. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne jatan lande da lemukan kwalba da ruwan 'ya'yan itace, ka sa ido a nan. Harajin kaya kashi 15 cikin 100 ne tun Yulin 2020, kuma a ƙa'ida farashin da ke minyu ya riga ya haɗa da shi. Kuɗin hidima da wasu ke liƙawa a ƙasan takarda ma'aikatar kasuwanci ta hana. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar nan da ake ɗauka da waya, ka karanta ta kafin ka miƙa katin banki na Mada. In ka ga an ƙara abin da ba ku ci ba kuma suka ƙi gyarawa, lambar ma'aikatar kasuwanci, 1900, ake kira. Ihsani ga ma'aikacin da ya yi muku hidima kuwa ganin damarka ne, riyal biyar ko goma a hannunsa ya wadatar.

In kun je ka dawo ka faɗa mana ko mai dafawar ɗan ina ne, da kuma ko suna jan taliya da hannu. Idan suna ja, ka turo min kwatancen layin. A gaida iyali.