Ziyarar yini ɗaya zuwa Mtskheta daga Tbilisi

Ka tambaya ko ya dace ka ɗauki ɗan jagora domin ziyarar yini ɗaya zuwa wuraren tarihi da na ibada a ƙasar Jojiya. Shawarata ita ce ka ɗauka, kuma ka fara da Mtskheta, tsohon babban birnin ƙasar, mai nisan kimanin kilomita 20 daga Tbilisi, babban birnin ƙasar na yanzu, wanda hukumar UNESCO ta sanya majami'unsa cikin kayan tarihin duniya a 1994.

Ka nemi a kai ka majami'ar Jvari da sassafe, kafin baƙi su cika wurin. Tana kan tudu, kuma daga can za ka hango inda kogin Aragvi yake haɗuwa da kogin Mtkvari. Daga nan sai majami'ar Svetitskhoveli, wadda aka gina tsakanin 1010 da 1029, inda aka binne sarakuna da dama, kuma Kiristocin ƙasar suka yi imani cewa rigar Yesu Almasihu tana binne a ƙarƙashinta. A nan jagora yake da amfani sosai, domin yawancin rubuce-rubucen bango da na kaburbura da harafin Jojiya suke.

Har yanzu ana ibada a wuraren, don haka mata su tafi da ɗankwali, maza kuma su guji gajeren wando.