Kafin ka sayi gida a unguwa mai ƙungiyar masu gidaje

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya sayen gida a irin wannan unguwa a Amurka ba tare da ka shiga ƙungiyar ba. Yawanci ba ya yiwuwa, domin sharuɗɗanta a rajiste suke tare da takardun filin, kuma da zarar ka sa hannu sun hau kanka, har da launin fentin ƙofarka da tsayin shingenka. Idan ka daina biyan kuɗin wata-wata, bashin zai hau kan gidan, a jihohi da dama ma har a yi gwanjonsa. Abin da ya fi damuna shi ne asusun ajiyar ƙungiyar: ka nemi ganin takardunsa kafin ciniki ya faɗa, domin idan ba kuɗi a ciki, ranar da titin da ƙungiyar ke kula da shi ya lalace ku za a ɗora wa kuɗin gyara.