Yaya ake faɗin cin tsere da Turanci?

Tambaya: Malam, na shiga gasar gudu na zo na ɗaya, sai na rubuta wa abokina "I won all of them". Ya ce Turancin bai zauna ba. Ina kuskuren yake, kuma me masu harshen suke cewa?

Amsa: Barka da arziki, ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya, kuma kalmarmu ta "ci" ce ta jawo. Da ita muke cin tsere, mu ci kofi, mu ci abokin karawa. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu. "Win" tana bin gasar ko kyautar: "I won the race", "she won gold". Wanda ka tsere wa kuma da "beat" ake ambatonsa: "I beat all of them". In ka ce "I won them", Bature zai ji kamar mutanen ne aka ba ka kyauta ka kai gida. Ka kiyaye, babu "beated", ko jiya aka yi abin "beat" ce. "Won" kuma furucinta ɗaya da "one".

A hira, "I came first" ta wadatar. Amurkawa sun fi cewa "I came in first".

Inda maganar ke daɗi shi ne wajen faɗin tazara, kuma yawancin kalmomin daga sukuwar dawaki aka aro su. Wanda ya yi wa sauran fintinkau, "he won hands down", wato kamar mahayin da ya waiga ya ga babu mai kamo shi, sai ya sassauta linzami ya sauke hannu. Ana kuma cewa "by a mile". Idan da ƙyar aka sha, "by a nose", hancin doki kaɗai ya raba. "Neck and neck" ana cikin gudun ne kafaɗa da kafaɗa, ba a gama ba tukuna. Kunnen doki na gaske shi ne "dead heat".

Akwai kuma "photo finish", inda sai an duba hoto. A gudun mita 100 na gasar Olamfik ta 2024 a Faris, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk daƙiƙa 9.79 allo ya nuna musu. Hoto ya ba Lyles da ratar daƙiƙa 0.005.

Amma in takardar neman aiki ko ta makaranta za ka cike, bar hancin doki a gefe, rubuta "finished first".